Yadda ake haɗa guruf ɗin malamai mai amfani ko da shabaka tana zuwa tana ɗaukewa

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana, maza da mata, na gida da waɗanda gudun hijira ta watsa.

Yanzu kusan duk malamin da ka karɓi wayarsa zaka tarar yana cikin guruf ɗin malamai uku ko huɗu, amma ka tambaye shi wanne ne ya taɓa share masa hawaye ranar da yake neman littafin lissafi na aji biyar ruwa a jallo, sai kaji yayi shiru. Barka da Juma'a, bidiyon da aka kwaso daga wani guruf, musu a kan albashi, shikenan. Alhali ba a taɓa yin lokacin da muke buƙatar junanmu kamar wannan ba. Tunda yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 harkar karatu ta wargaje, a watan Oktoban shekarar UNICEF da Save the Children suka ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, makarantu da yawa sun koma masaukin waɗanda suka rasa gidajensu, malaman da a da suke shan shayi a ofis ɗaya yau wannan yana Gadarif, wancan yana Kasala, wata tana Port Sudan, wani ma ya ƙetare yana Jidda ko Alƙahira. Ga shi dama tun kafin yaƙin an taɓa tsarin karatun, an bar asas, wato matakin farko mai shekara takwas, an koma shida na ibtida'i (firamare), uku na mutawassiɗa (ƙaramar sakandare), uku na sanawi (babbar sakandare), littattafai sun canza kuma ba kowace makaranta suka isa ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara, domin duk matakan a kansa suke: kada ka auna guruf ɗin da wayarka. Ka auna shi da malamin da yake wani ƙauye a bayan Sinja ko gefen Mai Wurno, wayarsa ƙarama ce kuma ta cika, caji sai a shagon mai sola, shabaka, wato sabis ɗin waya, sai ya hau tudu ko ya biya kuɗin awa ɗaya a wajen mai Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam. In guruf ya yi wa wannan malamin amfani toh ya yi wa kowa. In kuwa sai mai wifi a gida ne zai iya binsa, majalisar 'yan birni ka haɗa kawai.

Mataki na farko, tun kafin ka taɓa waya, ka yanke aikin da guruf ɗin zai yi, aiki ɗaya. Guruf mai suna malaman Sudan baki ɗaya ba ya zuwa ko'ina, domin malamin kimiyya na sanawi da malamar aji ɗaya ba damuwarsu ɗaya ba, kowa zai gaji da saƙon ɗan uwansa ya kashe sanarwa. Ka ce malaman lissafi na mutawassiɗa, ko masu shirya ɗalibai jarrabawar shahada ta kammala sanawi, ko malaman khalwa, wato makarantar allo, masu son haɗa allo da boko. In baka iya faɗin aikin a layi ɗaya ba to baka gama tunani ba, ka ƙara zama. Ni a ganina wanda muka fi buƙata shi ne na malaman aji ɗaya zuwa uku masu koyar da yaran da Hausa suke ji a gida. Yaro ya tashi a unguwarmu, da Hausa ake kiransa cin abinci, da ita ake masa faɗa, rana ɗaya a zaunar da shi gaban littafin Larabci a ce ya karanta, in ya yi shiru a ce daƙiƙi ne. Ba daƙiƙi ba ne wallahi, abu biyu aka ɗora masa lokaci guda, sabon harshe da sabon rubutu. Yanzu kuma ga ƙari, shekarun da aka rasa sun sa ɗan shekara tara yana zaune benci ɗaya da ɗan shida, wani ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya firgita. Babu littafin horon malamai da ya shirya mu wa wannan, sai dai mu koya daga juna.

Mataki na biyu, ka zaɓi inda za a zauna. WhatsApp kowa yana da shi har dattawanmu, yana lallaɓawa ko shabaka ta yi rauni, ka rubuta saƙo ya zauna yana jira in sabis ya leƙo ya tafi, kuma guruf ɗaya yana ɗaukar mutum 1024. Illarsa biyu ce: lambar kowa a fili take ga duk wanda yake ciki, sannan fayil yana nutsewa cikin hira, wanda ya shigo yau bazai tarar da littafin da aka tura wata uku da suka wuce ba. Telegram ya fi shi a nan, guruf yana kai mutum 200,000, ana tura fayil har mai nauyin giga 2, kayan suna zaune a wajen kamfanin ba a cikin wayarka ba, sabon shiga yana iya komawa baya ya ɗauko abin da yake so, kuma mutum yana iya ɓoye lambarsa. Matsalar dai ba kowa ya saba da shi ba. Facebook kuma yana da kyau wajen nemo mutane amma yana shan data, kuma shi yake zaɓar abin da zai nuna maka.

Shawarata a haɗa biyu. WhatsApp ya zama dandalin da ake hira, tashar Telegram ta zama rumbu, abin da aka zuba a ciki yana nan har ranar da ake nema. Kuma kada ka gina tsarin a kan kiran bidiyo ko taron kai tsaye. A watan Yulin 2025 hukumar sadarwa ta sanar da toshe kiran murya da na bidiyo na WhatsApp a Sudan aka bar saƙonni da guruf, kuma ko ba don haka ba malamin ƙauyen nan bazai taɓa samun halartar taron ƙarfe takwas daidai ba. Komai ya zama abin da mutum zai iya tararwa bayan kwana biyu ya amfana.

Mataki na uku, nemo adimin kafin ka buɗe, aƙalla uku, kuma kada su zama 'yan gari ɗaya. Kowa ya tuna Fabrairun 2024 da shabaka ta ɗauke a kusan duk ƙasar, Zain da Sudani da MTN duka. Guruf ɗin da adimin ɗinsa ɗaya ne kuma yana cikin duhun nan ya zama marar mai shi, kowa ya shiga ya zuba abin da ya ga dama. Don haka ɗaya a Gadarif misali, ɗaya a Kasala ko Damazin da layin wani kamfanin daban, ɗaya kuma a waje, cikin 'yan uwanmu da suke Makka ko Jidda ko Riyad, wanda wutarsa da intanet ɗinsa ba sa yankewa. Shi na wajen shi ya fi dacewa da riƙon rumbu tunda ɗora manyan fayiloli ba ya masa wahala, a tuna dai agogon Saudiyya yana gaban namu da awa ɗaya. Lallai a samu mace a cikinsu, domin akwai ƙorafin da malama ba za ta kai wa namiji ba, gara ta fice shiru. Wani dalilin kuma: in adimin guda ne ya fita, WhatsApp da kansa yake ɗora wani cikin 'yan guruf ba tare da shawarar kowa ba, kuma asusun da ya kai kamar kwana 120 bai hau intanet ba ana iya goge shi. A halin da muke ciki waya tana ɓata, ana ƙwace ta a hanya, mutum yana iya yin wata huɗu ba labari.

Mataki na huɗu, buɗewa da gyara ƙofa. Ka shiga WhatsApp ka danna sabon guruf, ka saka adimin ɗin nan kawai tukuna, kada ka yi gaggawar kwaso mutane. Ka sa suna gajere mai faɗin aikin. Sai ka danna sunan guruf ɗin a sama ka gangara wajen izini, abu uku zaka gyara: canza suna da hoto da bayani ya zama na adimin kaɗai, ka kashe damar da kowa yake da ita ta saka mutane, sannan ka kunna amincewa da sabbin shiga, ta yadda ko mutum ya samu mahaɗin gayyata sai ya tsaya a bakin ƙofa har an duba shi. Mahaɗin nan kada a manna shi a Facebook ko a wasu guruf, hannu da hannu ake ba da shi. In kun ga baƙin lambobi sun fara tururuwa to ya fita, ka shiga wajen gayyata ka sake shi, tsohon ya mutu nan take.

Duk wanda ya ƙwanƙwasa a tura masa saƙo ɗaya, kamar haka: "Marhaba Malam. Dan Allah kafin mu saka ka turo mana sunanka, makarantar da kake koyarwa ko wadda kake kafin yaƙi, darasin da kake ɗauka, da sunan mutum ɗaya a cikinmu da ya san ka." Malamin gaske ba ya jin haushin wannan, cikin minti biyu ya amsa. Mai talla da mai neman lambobin mata su ne suke yin shiru. Ku fara da mutum ashirin ko talatin da aka san fuskokinsu, su kafa al'adar gidan, waɗanda zasu zo daga baya abin da suka tarar shi zasu bi.

Mataki na biyar, dokoki. Kada su yi yawa, abin da za a karanta a numfashi biyu. Ga irin wanda nake ba da shawara, ku gyara yadda ya dace da ku: "Wannan guruf na aikin koyarwa ne kawai. Ba siyasa, ba labarin fagen daga, ba maganar ƙabila. Ba a tura bidiyo a nan, a kai rumbu a kawo mahaɗi. Saƙon murya kada ya wuce minti biyu, kuma a rubuta layi ɗaya a ƙasansa a faɗi abin da ke ciki. Ba a saka hoton ɗalibi ko sunansa ko sakamakonsa. Ba a bin malama ta gefe sai da yardarta. Ba a tara kuɗi a nan." A rubuta shi da Larabci da Hausa, a saka a bayanin guruf, a kuma maƙala shi a sama. Maƙalawar tana da wa'adi, mafi tsawo kwana 30, sai wani adimin ya riƙa tunawa yana sabuntawa.

Dokar siyasa da ƙabila ba tsoro ba ne kuma ba rashin kishi ba ne. Mu da muka ga rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Nil Azrak a watan Yulin 2022 mun san inda magana take kaiwa in ta fara yawo a waya. Sannan ana duba wayoyi a shingayen hanya, saƙon da wani ya tura daga inda yake zaune lafiya yana iya jefa ɗan uwansa cikin bala'i a kan hanyar Madani. Wanda ya karya wannan a goge saƙon nan take, adimin yana da ikon gogewa ga kowa, sai a bi shi ta gefe a yi masa magana da mutunci. In dattijo ne a samu sa'ansa ya yi masa, kada yaro ya tsawata wa malaminsa a gaban jama'a.

Dokar da tafi wahala ita ce ta gaisuwa da ta'aziyya. Mu mutane ne da ba ma iya jin rasuwa mu yi shiru, kuma a shekarun nan rasuwar ta yi yawa. Amma ka duba malamin nan da ya biya kuɗin awa ɗaya: ya buɗe waya, saƙo ɗari huɗu suka zubo, yana ta ja yana wuce Allah ya jiƙansa da amin, tambayoyin bitar da yake nema suna can tsakiya, kafin ya kai gare su lokacinsa ya ƙare. Hana ta'aziyya ba daidai ba ne, abin yi shi ne a buɗe mata gidanta. Guruf na biyu na zumunci, can a yi gaisuwa da barka da jaje yadda rai yake so, wanda datarsa ta ƙare ya kashe sanarwarsa. A guruf ɗin aiki adimin ya sanar sau ɗaya a madadin kowa, sauran su danna alama a kan saƙon.

Mataki na shida, rumbu, kuma a nan ne yawancin aikin yake. Ka buɗe tasha a Telegram, ba guruf ba, tasha, inda adimin kaɗai ke ɗora kaya. In kana son wuri na biyu saboda tsaro, asusun Google yana ba da giga 15 kyauta a Drive. Ku fara da littattafan manhaja na ajin da kuke koyarwa, waɗanda cibiyar manhaja ta Bakht al-Ruda da ke Duwaim take fitarwa, kuma a duba bango a tabbatar bugun sabon tsari ne ba na asas ba, domin tsofaffin suna nan suna yawo ana ruɗa mutane da su. Bayan su sai tsofaffin takardun jarrabawa, sai tahdiri, wato shirin darasi, da malamai suka rubuta da hannunsu, wanda ni a wajena ya fi komai daraja tunda an gwada shi a aji na gaske.

In littafin a takarda yake hannun mutum ɗaya, ga yadda ake ɗaukarsa. Da safe ka shimfiɗa shi a kan tabarma kusa da bakin ƙofa inda haske ke shigowa amma rana bata dukansa, ka goge idon kyamara da gefen riga, ka kashe filasha domin tana sa takarda ƙyalli. Ka tsaya ta inda inuwarka ba za ta faɗa kan shafin ba, wani ya danne maka gefen littafin da yatsa, wayar ta kalli shafin sak ba a karkace ba. Kada ka tura hotuna ɗaiɗai, shafi arba'in ya zama saƙo arba'in a hargitse. Yi amfani da CamScanner ko wurin sikanin da ke cikin Google Drive, ka zaɓi baƙi da fari tunda ya fi sauƙin nauyi kuma rubutu ya fi fitowa, ka haɗa su PDF guda. Kuma kada ka haɗa littafi sukutum, raba shi babi babi, wanda yake buƙatar babi na uku ya sauke shi kaɗai. Kafin ka ɗora ka buɗe ka ƙara girman shafi ɗaya ka gani ko wasulla da ɗigon haruffa sun fito, in basu fito ba sake ɗauka.

Sunan fayil kuma ku yi masa tsari ɗaya kada kowa ya sa nasa: darasi, aji, babi, sannan nauyi. Misali, lissafi aji 5 babi 3, mega 2. Nauyin nan da ake rubutawa ba ƙaramin taimako ba ne, mutum ya san abin da zai kashe kafin ya danna. Duk abin da aka ɗora a rumbu sai adimin ya kawo mahaɗinsa guruf ɗin WhatsApp da layi ɗaya na bayani. Kuma duk malamin da ya sauke ya tuna da abokan aikinsa da ba su da data, ya tura musu ta Bluetooth ko Xender ko ya zuba a memori, saukewa ɗaya ta ishi makaranta guda.

Mataki na bakwai gajere ne amma a yi wa kowane sabon shiga. Ya je saitin WhatsApp wajen ajiya da data, ya kashe saukar hoto da murya da bidiyo da fayil ta kai tsaye, a data da wifi duka, Telegram ma haka. Da yawa cikin dattawanmu basu san da wannan ba, sai dai su ga rasidi, wato kuɗin waya, ya ƙare su ce guruf ne ya cinye, su fita. Ɗauki hoton allon wayarka mataki mataki ka ajiye a rumbu.

Mataki na takwas, a sa masa rai. Guruf ba ya tafiya da kansa. Tunda hutunmu Juma'a da Asabar ne, a ajiye tambayar mako ranar Alhamis da yamma a bar ta a buɗe har Asabar da dare, kowa ya amsa lokacin da shabaka ta same shi, kuma a riƙa danne saƙon tambayar ana amsawa a kansa don kada zance ya rabu. Ranar Lahadi mutum ɗaya, ana karɓa-karɓa, ya tattara abin da aka faɗa a layi goma ya kai rumbu. Taƙaitawar nan ita ce hakkin wanda bai samu hawa ba duk makon.

A koya wa mutane yadda ake tambaya ma. In ka rubuta malamai ina neman taimako a kan karatun yara, ba wanda ya san ta ina zai kama. Amma ka ce: "Ina da aji biyu, yara sun kai saba'in, kusan rabi sun haura shekara tara, littafi nawa ne kaɗai. Suna rera haruffa tun daga alif har ya, amma in na nuna musu harafi a tsakiyar kalma sai su kasa gane shi. Wa ya gwada wani abu ya yi aiki?" Nan zaka ga amsa ta gaske. Wata malama ta ce ta yanka kwalin sabulu ta rubuta harafin "ba" a siffarsa ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, yara suna jerawa a ƙasa. Wani malamin khalwa ya ce fara musu da kalmomin da suka sani a gida, ka rubuta baba da kabewa da haruffan Larabci yadda ake ajami, in yaro ya ga kalmar bakinsa a allo tsoron rubutun yana fita, daga nan ka wuce da shi kalmomin littafi. Wani ya ce manyan yaran ka ba kowanne ƙanana huɗu ya riƙa ja musu baƙi a rairayi, shi ma yana ƙara gogewa kuma kunyar zama da ƙanana tana raguwa. Wanda ya tambaya kuma ya dawo bayan sati biyu ya faɗi wanne ya yi aiki wanne bai yi ba, wannan dawowar ita ake yawan mantawa alhali ita ce ribar.

Maganar harshe ku sassauta. Da yawanmu da Larabci muka yi karatu, boko yana musu nauyi, wani kuma Hausar tafi zama a bakinsa in zai yi bayani mai zurfi. Kowa ya rubuta da abin da ya iya, Larabci ko boko ko ajami, ko ya yi murya cikin minti biyun nan. Kada a yi wa kowa dariyar kuskuren rubutu, malamin da aka kunyata sau ɗaya bazai sake magana ba. Adimin kuma ya lura da masu shiru, ya kira sunansu da girmamawa: Malama, ke da kika daɗe a aji ɗaya, yaya kike yi da wannan? Sau da yawa mafi sani shi ne mafi kunya.

Mataki na tara, tsaro. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato lambar sirri guda shida da kai ka zaɓa, ya kuma saka imel a asusun. Lambobi shida da suke zuwa ta saƙon waya kuwa ba a ba kowa, ko da roƙon ya zo daga lambar mudir, shugaban makarantarku, yana cewa ya tura bisa kuskure, an riga an sace nasa ne ake neman naka. In an sace asusun wani a cire lambar daga guruf nan take a sanar, sai ya dawo da ita a mayar da shi. Wanda yake yankin da layin waya ba ya aiki sai wifi kada ya kuskura ya goge WhatsApp, domin sake shiga yana buƙatar lambar tabbatarwa kuma ba lallai ta iso ba. Wanda ya koma Saudiyya ko Masar ya sayi sabon layi, ya bi ta wajen canza lamba a cikin saitin, guruf ɗinsa zasu biyo shi.

Kuɗi kuma a yi hattara. Na san halin da malamai suke ciki, watanni ba albashi, kuma taimakon juna wajibi ne. Amma a yi shi ta kwamiti daban na mutanen da aka sani, ba kowa ya manna lambar asusunsa na Bankak, manhajar tura kuɗi ta banki, a guruf ba, kuma hoton shaidar tura kuɗi ba hujja ba ce sai an buɗe asusu an gani. Tallan aikin koyarwa a ƙasashen Gulf da ake cewa a fara biyan kuɗin fom a goge shi. Masu darasin kuɗi ko masu sayar da muzakkira, wato takardun bita, kuwa kada a kore su, neman halal suke, a ware musu rana ɗaya a wata su yi sanarwa.

Lokacin jarrabawa sai an ƙara sa ido. Jarrabawar shahada ta 2023 sai ƙarshen Disambar 2024 aka zauna ta, kuma duk lokacin da aka yi irin wannan jinkiri jadawalin ƙarya yana yawo, iyaye su rikice. Kada a saka kwanan wata ko jadawali sai wanda ya fito daga ma'aikatar ilimi, adimin ya duba da kansa. Takardar da aka ce ta fita kafin lokaci kuwa ko ta gaske ce ko ta bogi ba ta da wuri a guruf ɗin malamai, wanda ya turo a cire shi. Saboda irin wannan ne aka riƙa katse intanet ɗin waya a awannin jarrabawa a 2020 da 2021, ƙasa guda ta sha wahala.

Mataki na ƙarshe sai guruf ya girma. In kun haura mutum ɗari biyu kuma hira ta fara cakuɗewa, kada ku jira ya cika, ku raba. WhatsApp yana da tsarin al'umma (Communities) da ke tara guruf da yawa ƙarƙashin inuwa ɗaya, da wurin sanarwa guda da adimin kaɗai ke magana, sai a yi na aji ɗaya daban, na lissafi daban, na zumunci daban, kowa ya shiga wanda ya shafe shi. A wakilta mutum biyu masu wadatar data su riƙa leƙa manyan guruf ɗin malamai na Facebook, su nemo da Larabci da sunan darasi da aji, su duba ko ana tattauna aiki ne ko talla ce kawai, su leƙa dandalin Learning Passport na UNICEF, su tace su kawo mai kyau rumbu maimakon kowa ya je ya ƙona datarsa. Guruf ɗin malaman Najeriya da Nijar ma suna da amfani wajen dabarar koyar da yaro mai jin Hausa, sai dai manhajarsu daban ce, dabara za a ɗauko ba jadawali ba.

Duk ƙarshen zangon karatu ku yi ƙuri'a a cikin guruf, tambaya ɗaya: a wannan zangon ka yi amfani da wani abu daga nan a cikin ajinka? Ku bar ta sati guda saboda na nesa. Sannan adimin su zauna su duba lambobin da suka daɗe shiru, a kira ta layin waya ko a aika wanda yake kusa ya dubo lafiyarsu kafin a yi maganar cire kowa, a sake mahaɗin gayyata, a share fayilolin da aka maimaita a rumbu, kuma in wani adimin ya gaji a sauke masa a ɗora wani daga garin da ba shi da wakili.